Ba da harshe kasa take sara ba

Wallahi labarin nan na manomin da macijiyar nan kasa ta sara ya taɓa ni, Allah ya ba shi lafiya. Amma don Allah mai rahoto a gyara wajen da aka ce wai da harshe take zuba dafi, ba haka bane sam. Harshen nan mai baki biyu sansana iska kawai take da shi. Dafin yana cikin wasu jakunkuna ne a bayan idanunta, shi yasa za ka ga kanta faffaɗa kamar kusurwa uku ga wuya siriri, sai kuma jiki kauri gajere, yawanci tsawonta bai fi mita 1 ba. Fiƙoƙinta guda 2 dogaye masu rami a ciki kamar allurar asibiti, a naɗe suke kwance a saman bakinta, sai ta wangale baki su miƙe ta caka. Ni abinda yafi ban tsoro kalar fatarta ce, ruwan ƙasa da zane-zane, in ta lafe cikin busassun ganye ba ka ganinta kuma ba ta gudu, sai dai ta kumbura tana huci. Dafinta nama yake ruɓarwa, don haka kar a ɗaure wajen tamau ko a tsaga, a garzaya asibiti kawai.