Hannun da ya iya mari, ya iya shafa kuwa?

Assalamu alaikum iyaye da yayye.

A ce mu lissafo sunayen duka, kafin a numfasa mun jero su: mari, naushi, rankwashi, dundu, mangari, shuri, zabga, jibga. To a kawo kishiyoyinsu. Sai wuri ya yi tsit, can wani ya ce "rashin duka". A'a malam, wannan hannu ne a aljihu. Kishiyar duka aiki ce da hannun nan yake yi, kuma a daidai wurin da ya saba sauka.

Kan da kake sakar wa rankwashi, shafa shi ake yi. Kuncin da kike wanka wa mari, a nan ake share hawaye, a sumbata. Bayan da ake ɗirka wa dundu, shi ake bubbugawa a hankali har yaro ya yi barci. Ku lura, daga "buga" kalmar ta fito, nauyin hannu ne kawai ya raba su. Wanda aka hankaɗe kuwa, janyo shi ake yi a rungume.

Kuma wallahi mun raina marin nan. Tafin hannu idan ya rufe kunne, iskar da ya danna ciki tana iya fasa dodon kunne. Jariri kuma jijjiga shi ake yi, kai a tallafe. Girgiza shi da ƙarfi don ya ƙi yin shiru na iya sa jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, domin kansa da nauyi, wuyan bai yi ƙwari ba. Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska, mu kuwa nan muke fara nufa. Nana A'isha ta shaida bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Aƙra'u ɗan Habis da ya ce 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kun san amsar da ya samu daga Manzon Allah (SAW): wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba.

Idan rai ya ɓaci, yi a'uziyya, kama bakinka. In kana tsaye zauna, in bai wuce ba kishingiɗa, ko ka je ka yi alwala. Sai ka huce ka kira yaron da sunansa, ka durƙusa idonku ya haɗu, ka dafa kafaɗarsa, ka faɗi laifin sau ɗaya. Inda ake ɓata abin shi ne rarrashi da hannu, baki kuma yana zagi. Zagin yaron zai riƙe.

In ka ɗaga hannu za ka sosa kai ɗanka ya kare fuska, to ka ji tsoron Allah. Don Allah yau kafin ya kwanta ka shafa kansa. Don Allah.