Gidan da Hayaƙi Ya Daina Tashi

'Yan'uwana matasa, ku tuna Afrilun 2020. Ranar 16 ga wata aka kulle Kano saboda korona, bayan kamar mako guda azumi ya kama, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mana sati biyu. Daga baya aka riƙa buɗe gari Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, kowa ya ruga kasuwa. Mai hali ya yi awo da buhu. Mai hannu-baka-hannu-ƙwarya ya je ya ji farashi ya dawo.

A layinmu akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai, jikoki uku a gabanta. Kullum hayaƙin murhunta ne ke fara tashi bayan asuba. Kwana uku bai tashi ba, ni kuwa ina kan dakali da waya a hannu, muna musu a WhatsApp kan ko cutar gaskiya ce ko kwangilar 'yan siyasa. Mahaifiyata ce ta lura. Ta auna gero kwano biyu, ta ɗora kwalbar manja, ta ce, "Kai wa Iya, ban da surutu." Na yi sallama, Iya ta fito tana cewa lafiya lau, alhamdulillahi, sai godiya. Kafin ta miƙo hannu, ƙaramin jikan ya riga ya rungume kwanon.

Har yau abin yana cina, shi ya sa nake wannan magana. A lokacin annoba, mai bara ya san inda zai tsaya a gan shi. Mai rufin asiri ne ke kwana da yunwa shiru: malamin makarantar kuɗi da aka tsayar wa albashi, ɗan a-daidaita-sahu da aka hana fita, matar da miji ya rasu ya bar mata marayu. Kada ka tambaye su ko akwai abinci, za su ce akwai. Ka duba hayaƙi, ka duba ko mai ruwa yana tsayawa a ƙofarsu, ka saurari kukan yara da dare.

Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri, idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya kula da maƙwabtansa. Ruwa aka ce ka ƙara, ba a ce sai ka yi kuɗi ba. Kai da ba ka da ko sisi, ai kana da ƙafa. Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga shi ne irin wanda korona ta fi kayarwa, bai kamata ya shiga cunkoson kasuwa ba. Karɓi takardar maganinsa ka sayo masa, ka yi masa cefane, ka ajiye a zaure, ka gaishe shi daga nesa da takunkumi a fuskarka. Wannan ba ƙyama ba ce. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can.

Don Allah, wayar nan ta zauna a aljihu. Mudun shinkafa ba ya biyan mutuncin dattijon da ka sa hotonsa a Facebook.

Masu cewa aikin gwamnati ne, ku tuna Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Kaduna, aka tarar da kayan abinci jibge watanni bayan yunwar kulle. Kuma bayan korona mun ga kwalara a 2021, mun ga mashaƙo a 2023. Tun yanzu ku zauna a majalisarku, ku ƙirga gidajen layinku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki biyu da zai riƙa leƙawa. Ni an ba ni gidan Iya da na mai facin da ke kallonsa.