Ofisoshin lauyoyi na ta sayen manhaja, ilimin kuwa yana cikin wayar maigida

Kwanan nan duk ofishin lauyan da ka leƙa shafinsa a Jidda ko Riyad sanarwa ɗaya za ka tarar, wai sun kawo sabuwar manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da za ta tattara musu ilimin ofis wuri guda, ta rubuta ƙara, ta duba kwantiragi kafin ka gama shan shayi. Har wasu 'yan uwanmu da ke aiki a irin waɗannan ofisoshin sun kama yayata abin a guruf-guruf na WhatsApp kamar daga yau an daina ɓatar da fayil a duniya. Ni dai abin ya ishe ni.

Kowa ya san daga inda iskar ta kaɗo. Tun da Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya ta fara ba kamfanonin lauyoyi na waje lasisi a 2023, irin su Clifford Chance da Latham & Watkins da Herbert Smith Freehills, hankalin ƙananan ofisoshi ya tashi, kowa na so a gan shi da kayan zamani. To amma abin da suka kwaikwaya shi ne na saman. Waɗancan kamfanonin suna biyan lauyoyi sukutum albashi waɗanda ba sa zuwa kotu, aikinsu kawai su zauna su gyara samfurin takardu, su bi duk dokar da ta canza, su rubuta wa sauran abin da aka koya daga shari'ar da aka gama. Wannan ɓangaren ba wanda ya saka shi a talla, don ba ya kyau a hoto kuma kuɗi yake ci duk wata.

Mu koma ofisoshin da mutanenmu na Makka da Jidda da Madina suke zuwa da gaske, kan rabon gado, ko bashi, ko rigimar haya, ko haƙƙin ma'aikacin da kafili ya danne. A nan ilimin ofis wuri uku yake zaune: cikin kan maigida, cikin wayarsa, sai kuma wajen wani dattijo da ya shekara da shekaru yana bin takardu yana kuma yi wa mutane tafinta. Maigidan nan ya san wace hujja ce ta taɓa tsayawa a gaban wace da'ira, wato sashen kotu, ya san yadda ake tsara muzakkira, wato rubutaccen bayanin da lauya ke miƙa wa kotu, ta karɓu, amma wallahi ba zai rubuta ba. Ba kasala ba ce, kar a ruɗe ku. Tsoro yake kada yaron da yake horarwa ya ƙoshi ya je ya buɗe nasa ofishin ya janye masa mutane. Shi ya sa za ka ga yaro ya fito daga Jami'ar Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz da digirinsa, cikinsu har da 'ya'yanmu Hausawi maza da mata, ya ƙare zaman horonsa yana hoton takardu da loda su a Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, bai taɓa jin dalilin da ya sa aka faɗi a shari'a ko ɗaya ba. Wace manhaja ce za ta zaro abin da mutum ya ƙudurta ba zai faɗa ba?

Kuma abin haushin, ba a taɓa yin lokacin da wannan rowar ta fi haɗari kamar yanzu ba. Dokar hujjoji ta fara aiki a 2022, dokar iyali ma a 2022, sabuwar dokar kamfanoni a farkon 2023, sannan babbar, dokar mu'amaloli, a Disamban 2023 da sashe sama da 700. Ma'ana abubuwa da dama da a da sai a ce ya danganta da ijtihadin alƙali yanzu a rubuce suke da lamba. Amma je ka buɗe kwamfutar ƙaramin ofis, samfurin kwantiragin da wani ya rubuta tun kafin a san za a yi waɗannan dokokin shi ake ta kwafa, a canza suna a canza kwanan wata a miƙa wa mutum ya sa hannu ya biya riyal ɗinsa. In ka zuba wannan tsohon tarkacen cikin manhaja mai basira, tsohon tarkacen za ta dawo maka da shi, sai dai da Larabci mai santsi.

Wanda ke kwana a ciki kuwa talaka ne. Ma'aikacin da ya bar aiki wata 12 ke gare shi ya kai ƙararsa kotun ma'aikata, in ya wuce ba uzuri ba za a saurare shi ba. Ɗaukaka ƙara a yawancin hukunce-hukunce kwana 30 ne. To a ce lauyan da ke riƙe da fayil ɗinka ya ajiye aiki ranar Alhamis, duk bayanan da kuka yi suna cikin saƙon murya a wayarsa, wanda ya gaje shi ya zo yana tambayarka "Ya hajji, a ina muka tsaya?" Kai da ka zo neman mai sani kai ake tambaya. Kwanakin nan fa ba sa jira.

Dattijon tafintan nan ma ba a lissafa shi. Shi ya san cewa in tsohuwa ta ce "ɗana" ba lallai ta haife shi ba, abin da kan iya rikita takardar magada gaba ɗaya, shi ya san yadda suna ɗaya ke fita iri uku tsakanin fasfo da igama da takardar wakala. Yanzu da tsarin ba 'yan ƙasa aiki ya shiga ofisoshin lauyoyi tun 2021, kuma ban ce laifi ba ne, ƙasarsu ce, da yawan tsofaffin ma'aikata suna tattara kayansu, ba wanda ya ce zauna ka faɗa mana abin da ka sani kafin ka tafi. An fi damuwa da ya mayar da makullin durowa.

Masu tallar manhaja za su ce ai ita da kanta za ta karance tsofaffin fayiloli ta koya, su je su tambayi lauyoyin nan na New York da aka ci tarar dala 5,000 a 2023 bayan ChatGPT ya ƙaga musu shari'o'in da ba a taɓa yi ba suka kai gaban alƙali. Balle kuma ga dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya da aka fara tilastawa sosai a Satumban 2024, ban san da wane ƙarfin hali mutum zai kwashi sirrin gadon wani gida ya loda a manhajar da bai san inda take ajiye shi ba.

Ni ban ce a koma zamanin kwali da igiya ba. A sayi manhajar in akwai kuɗi, amma a fara da abin da ba ya buƙatar ko sisi: duk shari'ar da aka rufe a rubuta shafi ɗaya, me aka nema, me aka samu, a ina aka yi tuntuɓe, a ajiye inda kowa a ofis zai gani. A ɗora wa mutum ɗaya nauyin bin samfuran takardu. Mai barin aiki ya zauna da magajinsa ko na sati biyu ne. Ita kuma ƙungiyar lauyoyi ta Saudiyya ta riƙa tambayar me aka koya wa yaran nan da ake horarwa, ba sa hannu kawai ba.

Ku kuma masu kai ƙara, kafin ku ba da kafin alƙalami ku tambayi lauyan wa zai riƙe fayil ɗin in shi ya yi tafiya, kuma a ina aka rubuta abin da kuka tattauna. In ya juyo muku da fuskar kwamfuta ya fara nuna manhaja, ku ce a kira muku mutumin ku gan shi.