Ƙannena masu karatun lauya, ku shiga kotu kafin ku yi rubutu a kanta

Assalamu alaikum. Kwanaki wani ƙanena da ke shekarar ƙarshe a karatun lauya ya kawo mini kundinsa in duba masa, kan 'yancin ɓangaren shari'a a Najeriya. Turanci ya zauna, sunayen masanan Ingila da Amurka sun cika shafi. Da na gama na ce masa, "Kai, kotu nawa ka shiga kana wannan aiki?" Sai ya sosa ƙeya. Ko ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa nake wannan nasiha. A takarda komai lafiya lau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin 'yancin alƙalai tun 1985, sashe na 26 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya ɗora wa gwamnatoci kare 'yancin kotuna, sashe na 292 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce ba a tsige Alƙalin Alƙalai sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Duk da haka, ranar 25 ga Janairun 2019, ana saura 'yan makonni zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Walter Onnoghen, bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi Allah wadai, kowa gwargwadon jam'iyyarsa. Wannan aikin 'yan Facebook ne. Kai da ake shirin kiranka masani, tambayarka ita ce: ta wace kafa aka bi har sashen ya zama hoto?

Ku bi sawun kuɗi, ƙannena. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2018 aka gyara sashe na 121 domin kotunan jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu, har ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta garƙame kotuna sama da wata biyu daga Afrilun 2021. Umarni mai lamba 10 da Buhari ya sa wa hannu don tilasta gwamnonin, Kotun Ƙoli ce da kanta ta soke shi a Fabrairun 2022. Bayan wata huɗu alƙalai 14 na wannan kotu suka rubuta wa shugabansu, Ibrahim Tanko Muhammad, takardar koke kan gidajen zama, motoci, wutar lantarki da man dizal. Idan can sama ana kukan dizal, yaya alƙalin majistare a ƙaramar hukuma, wanda ko takardar rubutu wani lokaci sai mai ƙara ya sayo? Nawa aka ware wa kotunan jiharku bara, nawa aka saki? Ga kundin digiri guda nan, amma kowa gudunsa yake don yana buƙatar takawa zuwa ma'aikatar kuɗi.

Haƙƙin ɗan Adam ma haka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan zaman jiran shari'a suke yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 34, ta wajabta wa manyan alƙalan majistare leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata su ga waɗanda ke tsare. Ana zuwa kuwa? Je ka gano. Ka zauna a kotu wata uku da littafi da biro, ka rubuta sau nawa aka ɗage shari'a da dalilin ɗagewar: mai gabatar da ƙara bai zo ba, babu motar kawo fursuna, fayil na ma'aikatar shari'a ana jiran shawara. Allah Ya sani, wannan ya fi shafi hamsin na kwafe amfani.

Kuma ku ji tsoron Allah a abin da kuka samo. In alƙaluma suka wanke alƙalin da kake jin haushinsa, rubuta haka nan. Kada ka ce an saye shi don kawai hukunci bai yi wa gwaninka daɗi ba. Ƙazafi ne, ko da a kundi aka yi shi.

Shi ƙanen nawa na ce ya karɓo takarda daga sashensu ya kai wa rajistara, ya yi sallama da ladabi, ya haƙura da "dawo gobe". Sai a zuwa na huɗu aka buɗe masa littafin ƙararraki.