Bakano Zai Saro Yuraniyom

(Teburin mai shayi a tashar Agadas. Bakano ya sauko daga mota rungume da damin buhuna, babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Badamagare, tsohon direban gingimari a Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a Nijar, yana zaune yana fifita shayinsa.)

BADAMAGARE: Kai, bawana! Wa ya kwance ka daga kasuwar Kurmi?

BAKANO: Ji marar kunya. Haka ake gaida ubangida? Matsa in zauna. Mai shayi, haɗa mini mai kauri, ka rubuta a kan wannan.

BADAMAGARE: Buhunan nan fa?

BAKANO: Rage murya. Arlit za ni. Yuraniyom zan saro, buhu arba'in, in kulle a sito a Dawanau sai ya ƙara tsada. Na ji a rediyo laba ɗaya ta haura dalar Amurka 100.

BADAMAGARE: Wannan ai labarin Janairun 2024 ne. Kafin shekarar ta ƙare ya zame ƙasa da 80.

BAKANO: To ai yanzu ne lokacin sari! A saya da kaka, a sayar da bazara.

BADAMAGARE: Gero ka ɗauke shi? Shi wannan kakarsa sai ta yi shekara ashirin ba ta ɗaga ba. Tambaye ni. Tun ma'aikatar SOMAIR ta fara haƙa a 1971, ta COMINAK ta biyo a 1978, kuɗi ke shigowa kamar ruwan Agusta. Laba ta wuce dala 40. Zamanin Kunce ke nan, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa har Arlit, Yamai ta samu otal ɗin Gaweye. Arlit kuwa har Ƙaramar Faris ake ce mata.

BAKANO: Ma sha Allah! Sai aka yi yaya?

BADAMAGARE: Sai wata tashar nukiliya, irin mai ba da lantarki da yuraniyom, ta samu matsala a Amurka a 1979, ta Canobil ta fashe a 1986, Turawa suka tsorata suka rage gina sababbi. Farashi ya kama gangara. Tun 1983 gwamnati ta je ƙofar masu ba da lamuni. Daga baya ma'aikaci kan yi wata da watanni bai ga albashi ba. A 2000 laba ta koma wajen dala 7.

BAKANO: Bakwai! Wayyo, ina nake ban saro ba?

MAI SHAYI: Kana Kwari kana auna atamfa.

BADAMAGARE: Can a 2006 ruwa ya cika wani babban ramin yuraniyom da ake haƙa a Kanada. 'Yan kasuwa suka ruɗe, wai kaya zai yi wuya. A 2007 laba ta kai dala 136.

BAKANO: Tsaya. Ruwa ya ci rami a Kanada, ku kuka yi kuɗi?

BADAMAGARE: Mu muka yi aure dai. Kowa a Arlit ya ƙara mata a kan bashi.

BAKANO: (Ya sunkuyar da kai.) Lokacin nan kam na sani. Da Shugaba Tanja ya aza harsashin mahaƙar Imuraren a 2009, aka ce tan 5,000 za a riƙa fitarwa duk shekara, na kawo buhun siminti da kwanon rufi na gina shaguna shida a bakin hanya.

BADAMAGARE: Kai ne mai shagunan nan? Allah ya saka da alheri, raƙuma na shan inuwa.

BAKANO: Har yau ban gane abin da ya faru ba.

BADAMAGARE: Teku ce ta yi ambaliya a Japan a 2011, ta lalata tashar Fukushima. Japan ta kashe tashoshinta, Jamus ta ce ita ma ta haƙura. A 2014 kamfanin Areva na Faransa, mai aikin, ya ce a jingine Imuraren sai farashi ya farfaɗo. A 2016 laba ta faɗo ƙasa da dala 20. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK ɗungurum, wai ƙarfen ya ƙare a ramin.

BAKANO: Wato ruwan Kanada ya ɗaura muku aure, ruwan Japan ya raba shi. Ku da ko yayyafi ba kwa gani!

(Mai shayi ya yi dariya har madara ta zube. Gaskiya nan Bakano ya ci, duk da shi ne mai shaguna shida a daji.)

BAKANO: Kuma ƙarfenku ya yi shekaru yana haska Faransa, ku kuna jiran wutarmu ta Kainji.

BADAMAGARE: Wadda kuka yanke mana a 2023? Kun yanke, ku ma kuka kwana a duhu. Aƙalla yanzu SOMAIR tamu ce, gwamnati ta karɓe ta a 2025.

BAKANO: Madalla. To farashin fa, kun karɓo shi?

BADAMAGARE: Sha shayinka zai huce.

BAKANO: Ni dai ka kai ni wurin mai awo. Ko tiya goma ce a ba ni in gwada kasuwa.

BADAMAGARE: Wane mai awo? A ganga ake rufe shi, soja a gaba soja a baya, da can har tashar ruwa ta Kwatano kafin a rufe iyakar Benin. Ka zuba shi a buhu, kai da ɓerayen siton ku yi ta shaƙar guba.

BAKANO: (Ya ture buhunan da ƙafa.) A'uzubillahi! To na fasa. Zinariya zan koma. An ce an samu a Jado, da hannu ake tsinta.

BADAMAGARE: A 2014 ke nan. An rufe wurin a 2017.

BAKANO: Kai wai komai naku sai ya wuce nake ji?

MAI SHAYI: Alhaji, jaka ɗaya kuɗinka.

BAKANO: Jaka ɗaya? Sefa dubu? Da na zauna ka ce ɗari biyar na sefa!

MAI SHAYI: Wancan farashin da ka zauna ne. Yanzun nan aka yi ruwa a Kanada.