Gwaggon birin Yankari ne ya tona min asiri

Likita ne ya jawo min. Da bai ce "Alhaji ka samu ka huta, ka ɗan canza iska" a gaban uwargida ba, da yanzu ina nan zaune da mutuncina. Olsa ce ta saka ni a gaba tun bayan babbar sallah, ƙirji zafi, ciki zafi, cikin dare in tashi ina juyi, ni a tunanina yunwa ce kamar yadda kowa yake faɗa har na fara ɓoye biskit a ƙarƙashin filo, ashe wata ƙwayar cuta ce wai ita H. pylori ta samu waje a tumbina ta yi zamanta, a gwajin bahaya aka kamo ta. Aka haɗo ni da omeprazole kafin karin kumallo da wasu ƙwayoyi kala biyu na kashe ta na sati biyu, aka ce in rabu da su ibuprofen da diclofenac ɗin da nake watsawa duk sanda bayana ya ƙage don su ma suna cin bangon ciki. Sannan ya ƙara da cewa duk abincin da na lura yana tayar min da ciwon in rage shi. In rage fa yace, ina da kunne. Amma kafin mu iso gida uwargida ta riga ta yanke hukunci, attaruhu ya bar gidan, yaji ya bar gidan, har citta sai da aka yi mata tambayoyi.

Wanda bai taɓa cin tuwo da miyar kuka babu yaji ba bai san jarrabawa ba. Ga kuma 'yan dubiya, kowa ya zo da asibitinsa a aljihu, wannan yace zuma da habbatussauda, waccan tace nonon raƙumi, wani abokin aikina ya rantse da garin ɗanyar ayaba. Wanda ya ci zaɓe dai shi ne ruwan kabeji, wata ƙawarta ta turo mata a WhatsApp, kullum da safe a markaɗa a tace a miƙo min kofi, ta tsaya a kaina sai ta ga ƙasan kofin.

To da hutun Disamba ya zo yara suka ce ai likita yace Abba ya canza iska, Yankari za a je. Hajiya mahaifiyata tana jin an ce akwai ruwan ɗumi da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse tace ita ma ƙafarta ƙafarmu, gwiwarta za ta gasa. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce min, tace kai wannan ka sa ni a lissafi. Wa ya isa.

Ana gobe tafiya na biya wajen mai kilishina. Ba zan ce komai a kan wannan ba sai dai in ce mutum ne mai amana, ya san hannuna, ya naɗe min a takarda ya ƙara leda biyu don kar ƙamshi ya fita. Na shimfiɗa shi a can ƙasan jakar maganina, na ɗora katin asibiti da kwalaye a kai, saboda duk gidan jakar nan ce kaɗai ba mai taɓawa sai ni. Ku faɗi gaskiya, wannan ba basira ba ce?

Muka ɗau hanya da asuba daga Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, sai Bauchi. A nan aka tsaya cin masa, ai ba a wuce Bauchi ba a ci masa ba, kowa aka barbaɗa masa yajin ƙuli ni kuwa aka ba ni tawa tsirara, mai masar ma sai da ta kalle ni tace sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan muka hau titin Gombe, a Dindima muka karya dama, muka miƙa har ƙofar dajin a Mainamaji. Yara suna ganin get suka fara ihun an iso, ba su san daga get zuwa masaukin Wikki akwai wajen kilomita 40 a cikin daji ba. Dajin fa ba wasa ba ne, murabba'in kilomita 2,244 ne, tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Babban ɗana ne yake karanto mana wannan duka a waya, Hajiya tace shi dai ya duba mata ko an rubuta inda banɗaki yake.

Muna sauka wani ma'aikaci ya yi mana nasiha, kuma wallahi ya fita haƙƙinmu. Yace ku dinga kulle ƙofa da taga, kar a bar gilashin mota a buɗe, kar yaro ya riƙe leda a hannu, birran nan sun san leda, sun san kula, suna murɗa hannun ƙofa. Na dube su, gwaggon birrai ne zube a filin kamar 'yan kamasho a tasha, kowa yana lura da motar da ta shigo da abin da aka sauke. Ga kuma gadu suna yawo da jela a tsaye, sukan durƙusa a kan gwiwoyin gaba in za su ci ciyawa, autana yace Abba gaisuwa yake yi? Hajiya kuwa tana gane dangin alade ne ta tattare zaninta ta shiga a'uziyya.

Washegari da safe muka shiga motar zaga daji, irin mai buɗaɗɗen gefe, da ɗan rakiya a gaba. Ni na ci ado da shuɗiyar shaddata saboda hoto. Ba wanda ya gaya min ƙudan tsando yana son shuɗi da baƙi, sai da muka gangara wajen kogin Gaji suka yi min taron dangi sannan ɗan rakiyar ya juyo yace ai Alhaji kalar kayanka ce, da su ake yi musu tarko ma. Cizonsu yana ratsa shadda kai ka ce allura, ina ta marin kaina mutanen motar suna ta ba ni haƙuri suna dariya ƙasa-ƙasa. Mun ga gwambaza, mun ga mazo, mun hango ɓauna daga nesa, tsuntsaye kuwa ba a magana. Giwa fa? Kashinta muka gani. Ɗan rakiyar ya sauka ya sa sanda ya tona shi yace da ɗuminsa, ba su daɗe da wucewa ba, wai da mun bari sai wajen Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina dole su taru a bakin Gaji da mun fi dacewa. 'Yata ta tsakiya tace Abba yanzu tun daga Kano muka taho kallon kashi? Na ce mata ai kashin giwa ne, ba kowa ke samun gani ba. Zaki kam ko ɗan rakiyar da kansa da aka tambaye shi murmushi kawai ya yi.

Da la'asar aka ce sai ruwan Wikki. Nan kam gaskiya ko maƙiyin tafiyar nan sai ya yaba, ruwa ne garau yana ɓulɓulowa daga ƙasan wani jan dutse, kana hango farin yashi a ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga bishiyoyi sun yi masa rumfa. Matsalar ɗaya ce, matattakala ce mai tsawo ake sauka, ba wanda ya gaya wa Hajiya wannan, ta sauka tana hutawa tana salati tana tambayar waye ya kai ruwan can ƙasa. Ta samu gefe ta tsoma ƙafafu, uwargida na kusa da ita tana lura da yara.

Ni kuma na ce ku je kawai, ni mara lafiya ne, bari in zauna in yi gadin kaya. Har uwargida ta ji tausayina.

Na koma can baya inda bishiya ta kare ni, na jawo jakar magani na ɗora a cinya, na ja zif a hankali, ban ma kai ga katin asibitin ba na ji an riƙe ɗaya hannun jakar. Na ɗago. Wani ƙaton namiji ne, kafaɗa cike da gashi, ya zauna daf da ni ko kunya babu. Na ja, ya ja. Na ce kai! Sai kawai ya yi hamma. Jama'a haƙoran nan na gefe sun kai tsawon ɗan yatsana, ni kuma na tuna ina da iyali da ƙananan yara, na sakar masa cikin girma da arziki.

Da ya gudu da ita cikin daji da an rufa wa juna asiri, in ce an sace min magani a yi min jaje. Ina! Sai ya hau kan wani dakali a saman inda kowa yake wanka, ya zauna ya buɗe ta yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro omeprazole ya shinshina ya jefar. Katin asibiti ya jefar. Ya ciro gorar ruwan kabejin da aka cusa min, ya cije murfin, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya yi wurgi da ita, a nan kam na ji ya burge ni, ashe ba ni kaɗai ba ne. Sai ga leda. Ya yage ta farko, ya yage ta biyu, ya ware takarda, ya ɗaga fallen kilishi ja wur a gaban jama'ar Annabi.

Ban san sanda uwargida ta iso bayana ba. Tace Malam, meye wancan a hannunsa? Na ce da alama nama ne. Tace daga ina ya samo? Na ce wa ya sani, ƙila da abinsa ya zo. Tace a jakarka ya ajiye? Na ce kin ji fa abin da ma'aikacin nan yace, dabbobin nan wayo gare su.

Da an tsaya a nan da ina da sauran hujja. Sai iska ta kaɗo takardar ta faɗo gaban autana, wanda bana ya shiga aji biyu kuma duk rubutun da ya gani sai ya karanta da ƙarfi, allon shago, bayan tirela, komai. Ya ɗauka ya fara haɗa baƙi. "Na... Al-ha-ji... mai... ol-sa. Ya-ji... biyu." Mai kilishina ne ya rubuta da biro don kar ya haɗa da na wasu. Mutum mai amana, na gaya muku.

Wasu samari da suka zo daga Jos suna cikin ruwa har da shaƙewa don dariya. Shi kuwa gogan yajin ya fara ratsa shi, yana ci yana goge baki a dakali yana atishawa, hawaye na zuba amma bai ajiye ba, ƙananan suna matsowa yana kai musu mari. Uwargida ta tsince magungunan tsaf ta zuba a jakarta ta hannu, ba ta ƙara cewa uffan ba, kuma duk mai aure ya san wannan shirun. Tun daga ranar ita ke riƙe da magani, ruwan kabeji ya koma safe da yamma.

Gwiwar Hajiya kuwa, ta ce ta ji daɗin ruwan, amma hawowa sai da ni da babban ɗana muka tallafe ta hagu da dama, abin da ruwan ya gyara matattakala ta karɓe. Muna tsakiyar hawa ta tsaya tana haki, ta tura jikanta gaba wai ya je ya karɓo mata sandarta, ta waiga ta tabbatar surukarta ta yi nisa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Tace kai wannan, duka ya cinye? Na ce duka Hajiya. Ta yi tsaki tace ni da ba ni da olsa wata nawa ina cin miyar marasa lafiya saboda kai, ka samu abu ka kai wa biri. In mun koma ka sayo ƙulli biyu ka kawo ɗakina, ni ba mai buɗe min jaka.