Yawon muze na 'yan lakwal: a bar yaran nan su sa hannu mana

In ƙarshen shekarar lakwal ya gabato nan Yamai kullum sai ka ga motoci cike da yara sun nufi Muze Bubu Hama, ana waƙa ana tafi, mushe ko madam, wato malamin aji, na gaba yana ƙirga kawuna. Abu ne mai kyau wallahi, ban da ja. Abin da ke damuna shi ne yadda galibin makarantu ke tsara fitar. A jera yara biyu-biyu, a wuce wajen zaki da dorina da kura, a shiga ɗakin tufafin gargajiya ana ta "kar ka taɓa, matsa baya", a ɗau foto don gurup ɗin WhatsApp na uwaye, a sha lemo, a koma gida. Tambayi yaron washegari mi ya gani, zai ce maka biri. Shi ke nan fa.

Alhali wurin nan tun da aka buɗe shi a 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet wanda ya fara shugabantarsa, ba a yi shi don a kulle kaya cikin gilashi kaɗai ba. Shi ya sa aka gina irin gidajen Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye a fili, shi ya sa kuma aka zaunar da masu sana'ar hannu a ciki suna aikinsu ido na gani. To wannan ɓangaren shi ne ajin da ya fi kowane, kuma shi ne ake ratsawa da gudu don wai lokaci ya ƙure.

Ku tsaya minti goma gaban maƙerin azurfa yana yin kurwa ta Agadas, abin wuyan nan da ake kira croix d'Agadez, ku gani. Da kakin zuma yake fara siffanta ta, ya lulluɓe da laka, ya sa a wuta yana zuga, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce ya fasa lakar ya hau gogewa da zane. Darasin narkewa da daskarewa da yaron CM2, ajin ƙarshe na firamare, ke haddacewa cikin kaye da Faransanci bai san kansa ba bai san gindinsa ba, ga shi nan a gabansa yana hayaƙi. Ba a ce a ba shi azurfa ba, a ba shi ɗan kaki da laka ya murza da yatsunsa ya fitar da tasa siffar ko da karkatacciya ce. Haka wajen masaƙi, yarinya ta jefa ƙoshiya sau uku sau huɗu, ta ƙirga zare nawa baƙi nawa fari kafin ado ya fito, ai lissafi ke nan. Baduku ya ba su guntayen fata da bai buƙata su huda su ɗinka, ya gaya musu yadda ake jima da bagaruwa.

Ƙasusuwan dinozo ma haka. Ƙasarmu ce ta ba duniya ƙaton kadan nan Sarcosuchus da dinozon nan Ouranosaurus, daga Gadufawa cikin jihar Agadas, dabbobin da suka rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce lokacin da wurin yake da koguna. Na san za a ce ƙashin gaskiya in ya karye ba mai maido shi, kuma gaskiya ne, kar a taɓa shi. Amma mi zai hana a zuba rairayi cikin akwati, a binne ƙasusuwan kwaikwayo na filasta, a ba yara buroshi su tono a hankali su auna da mita su zana? Yaron da ya yi haka in ya ɗaga kai ya dubi na gaskiyar da wani ido zai dube shi. Ko iccen Tenere da mota ta kaɓe a 1973 aka kawo gawarsa muze, a shimfiɗa musu taswira su nemo inda yake tsaye shi kaɗai su ga nisan.

Maganar kuɗi kuwa, laka da rairayi da guntun fata ba su kai kuɗin lemon da ake saye ba. Abin da ya zama dole shi ne a biya mai sana'ar ladan lokacinsa, don da aikin nan yake ci da iyali, ba daidai ba ne a tsayar masa da aiki awa biyu a ce masa Allah ya saka. COGES, kwamitin kula da makaranta, na iya sa wannan cikin lissafinsa, musamman makarantun gwamnati inda yara suka fi yawa kuma suka fi rashin samun irin wannan fita.

Yawan yaran shi ne matsalar gaske, aji guda ba ya shiga rumfar maƙeri. Sai mushe ya je shi kaɗai sati guda kafin ranar, ya yi magana da masu kula da wurin da masu sana'ar, ya raba yara goma-goma, ya roƙi uwaye biyu ko uku su rako, kowane rukuni da sana'a guda da zai zauna a kanta. Zaki da dorina a bar su sai ƙarshe, da sauran lokacin da ya rage kafin mota ta zo.